Kaset ɗin Matan Foa

Robinvale, 18 ga Fabrairu, 2007

Yaya Lesieli,

Gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, da fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar nan taki? An ce min har yanzu da sanda kike zuwa coci. Yaya mutanen Foa, manya da yara? Ni dai lafiya lau, sai zafi. Nan Ostareliya muna tsakiyar yankan inabi, tun da sassafe muke shiga layukan gona, ba ma fitowa sai rana ta yi sanyi. Almakashi ya yi min kanta a babban yatsa, shi ya sa za ki ga rubutun a karkace.

Na san an daɗe rabona da rubuto miki doguwar wasiƙa. Wani abu ne ya faru, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ranar Alhamis muna cin abincin rana a inuwar rumfar kwalaye, sai Maikolo, wani ɗan Tonga irinmu, mutumin tsibirin Vava'u, da muke layi ɗaya, ya buɗe ƙofofin motarsa ya saka faifai. Ya ce, "Ku matso ku ji waƙar gida ta gaskiya, ku huta da hayaniyar yaran yanzu." Ina tauna rogo ban ma kula ba. Sai da aka shiga waƙa ta biyu na ajiye rogon. Yaya, matan Foa ne. Su Inna ne, su tara, waƙoƙin nan da Baturen Auckland ya zo da na'urarsa ya ɗauka a cikin cocinmu.

Na ce, "Maikolo, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "A intanet mana. Wani ya ɗora, kowa yana saukewa. Ka san su ne?"

Na ce, "Uwata tana ciki."

Ya ajiye burodinsa ya ce, "To me kake jira, tsoho? Gobe zan zubo maka naka a faifai."

Na ce masa a'a. Kin san maganar takarduna tana gaban hukuma, kuma lauyata ta ja min kunne, ta ce kafin a yanke hukunci ko fitilar hanya kada in tsallake. Maikolo ya yi ta dariya har da buga cinya. Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya kana laɓe a cikin ganyen inabi ba a kama ka ba, yanzu waƙar uwarka ce za ta sa a kore ka?" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma na tashi na koma layi tun ba a kaɗa ƙararrawa ba, don ba na son a ga fuskata.

Jiya Asabar na je ɗakin karatu na gari. Akwai wata dattijuwa a can, Misis Brenan, ita ke taimaka min da cike takardu. Ta ce ita ba lauya ba ce, amma ta nemo wata takarda ta karanta min a hankali. Wai doka ta canja ba da daɗewa ba. In kana da kaset ko faifan da ka saya na halal, kana iya kwafe shi a wata na'urar taka don ka riƙa ji a gida. Amma wanda wani ya ɗora a intanet ba da izinin masu shi ba, wannan daban ne, ko da kana da irinsa a akwati. Na ce mata ai waƙar ɗaya ce. Ta ce ta sani. Na ce mata uwata ce ke rerawa. Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa, sannan ta ce ta ji min, amma takardar ba ta yi maganar uwa ba.

Saboda haka ki aiko min da kaset ɗin. Nawa ne, kin sani. Ni na saya a Nuku'alofa watan da na fara aiki a tashar jiragen ruwa, na kawo wa Inna. Tunda nawa ne babu laifi. Abin da ake buƙata ke nan, ya zama nawa ne kuma yana hannuna. Ki naɗe shi a tsumma kafin ki sa a ambulan.

Ki gaida fasto da duk wanda ya tambaye ni.

Ƙanenki,
Lopeti

Foa, 9 ga Afrilu, 2007

Lopeti,

Takardarka ta iso, ta yi sati biyar a hanya saboda jirgi bai zo ba lokacin iska. Lafiyarmu lau. Gwiwa tana nan yadda aka gaya maka. Iska ta kwashe rabin rufin kicin, mazan coci sun mayar. Na gode da tambaya.

Na buɗe wasiƙarka tun a gidan waya na Pangai, ban iya jira in iso gida ba. Shekara uku ke nan da muka binne Inna. Cikin shekara ukun nan abin da na samu daga wurinka katin Kirsimeti ne, kowanne da layi biyu. Da na ga shafi uku sai na ce a raina, yau ƙanena zai tambaye ni yadda ta cika. Sai na tarar da "nawa ne, nawa ne."

Tunda ba ka tambaya ba, bari in gaya maka kaɗan. Wata bakwai ta yi a kwance. Ni ke juya ta, ni ke wanke ta, ni ke murƙushe mata gwaza da ruwan kwakwa in ba ta a cokali. Kullum da hantsi in na gama shafa mata mai sai ta ce, "Lesieli, kira min 'yan'uwana." Kaset ɗin take nufi. In saka, ta rufe ido tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka riga ta da waɗanda suka rage. Batir ya ƙare, in taka har kanti da gwiwar nan. A lokacin babu wanda ya tambayi ko na wane ne.

Ranar jana'iza ni na tsaya inda ya kamata ɗa namiji ya tsaya. Na ɗaura tsohuwar tabarmar makoki a ƙugu bisa al'ada, na karɓi gaisuwa kwana goma. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Lopeti fa?" In ce takardu ne. Har yau abin da nake cewa ke nan, bakina ya saba.

Ka je ka tambayi Baturiya mai littattafai ko kana da iko da muryar uwarka. Ni ba ka tambaye ni me nake ji a gidan nan ba in yamma ta yi. Mijina yana kabari, 'ya'yana suna Auckland, ɗakin Inna a rufe. Ko kaji in sun shiga akurki sai in ji gidan ya ƙara faɗi.

Naka ne, ban musa ba. Amma ba zan sa shi a ambulan ba. Mai abu ya zo ya ɗauki abinsa.

Yayarka,
Lesieli

Robinvale, 20 ga Mayu, 2007

Yaya Lesieli,

Ina gaishe ki, kaina a ƙasa. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, kuma rufin kicin ya zauna. Nan sanyi ya fara shigowa, an gama yanka, mun koma datse rassa. Mura ta kama ni kwana huɗu, ta sake ni.

Wasiƙarki tana aljihun rigar aikina tun ranar da ta zo. Na zauna zan ba da amsa sau da yawa, in rubuta layi ɗaya in yage.

Yaya, kalmar nan ba tawa ba ce, ta takardar doka ce. Ita aka karanta min, ita ta zauna min a kai, na juye miki ita yadda take ban duba yadda za ta sauka a kunnenki ba. Kuma na manta abu mafi muhimmanci: ba riƙe shi zan yi ba. Kwafewa kawai zan yi in mayar miki. Da na sake tuna abin da na rubuta sai na ga ban faɗi haka ba ko sau ɗaya. Ki yafe min.

Kin ce in zo in ɗauka. Da ƙafa ake zuwa, da na kama hanya tuni. Takardar da nake zaune da ita ta jira ce. Ranar da na sa ƙafa a jirgi ta mutu, kuma ba za a bar ni in dawo ba. Haka aka gaya min lokacin da Inna ta kwanta, haka aka sake gaya min bana. Na zaɓi in zauna. Ban ce na zaɓi daidai ba.

Ban taɓa gaya miki inda nake ba ranar da kuka binne ta. Ina cikin layi ina yankan inabi. Na sa baƙar riga a ƙarƙashin ta aiki, ban gaya wa kowa ba, don in na faɗa za a haɗa taro a yi min addu'a, kowa ya riƙa dubana yana cewa a ransa ga wanda bai je ba. Da aka tashi na tafi bakin kogi na zauna har sauro ya kore ni. Katin nan masu layi biyu ba don ban da abin faɗa ba ne. Kunya ce. Ban san ta inda ake fara tambayar yaya yadda uwa ta cika ba, alhali ita kaɗai aka bari da ɗawainiya.

Maikolo ya sake kawo min faifan har ƙofar ɗakina. Ya ce, "Karɓi, mai tsoron Allah da gwamnati." Ban karɓa ba. Ya ajiye a kan taga, na mayar masa washegari ban saka ba. Kada ki ga kamar tsoron banza nake yi. Misis Brenan ta ce wanda ya kwafi waƙoƙi ya rarraba wa mutane shi ya fi shiga hatsari, ana iya kai shi kotu a ci shi tara. Duk wanda ya fara fitar da waƙoƙin su Inna ya san abin da ya yi. Ni ba na son sunan gidanmu ya shiga irin wannan magana ina tsaka da jiran hukunci.

In ba za ki aiko ba, ba komai. Ki rubuto dai. Ki gaya min sauran abin da ban tambaya ba.

Ƙanenki,
Lopeti

Robinvale, 22 ga Yuli, 2007

Yaya Lesieli,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa? Wata biyu ke nan ina leƙa akwatin wasiƙu. Na buga waya gidan fasto sau biyu, matarsa ta ce kina nan ƙalau, ta gan ki kina yawo gida gida da kwando, amma da aka aika kiranki kin ce ba ki da lokaci.

In fushi ne, na cancanta. In ciwo ne ake ɓoye min, don Allah a gaya min. Da safe a nan ƙanƙara ke kwanciya a kan wayar da inabi ke hawa, yatsu ba sa lanƙwasuwa sai rana ta ɗaga. Ran Lahadi bayan coci kowa yana da gidan da zai je cin abinci. Ana gayyatata, wani lokaci in je, wani lokaci in ce ina da wanki.

Ƙanenki,
Lopeti

Foa, 26 ga Agusta, 2007

Lopeti ƙanena,

Ina gaishe ka da sanyi, Allah ya ƙara maka lafiya. Ni ba ciwo nake ba, kuma ba fushi ba ne. Wasiƙunka biyu duk sun zo. Tsoro ne ya hana ni amsawa, da kunya. Ka zauna ka karanta a tsanake.

Ka rubuta cewa duk wanda ya fara fitar da waƙoƙin su Inna ya san abin da ya yi. Da na zo kan layin nan sai na ajiye takardar. Na ɗauka ka riga ka sani, kana gaya min ne a sakaye irin yadda ƙane zai yi wa yayarsa. Lopeti, ni ce.

Da Inna ta cika shekara, na rasa abin da zan raba wa gidajen matan nan tara. Sai na kai kaset ɗin wurin wani malamin makaranta a Pangai mai rediyo mai bakin kaset biyu, ya kwafa min guda ashirin. Na raba a ranar addu'a. Mutane suka yi ta kuka suna godiya, wasu rabonsu da jin muryar iyayensu shekara ashirin. Ɗaya daga ciki 'yar marigayiya Uinise, abokiyar waƙar Inna, ta tafi da shi Auckland, kuma an ce mijinta mutumin kwamfuta ne. Ba sai an gaya min ta inda ya hau intanet ba.

Na kwana biyu ban ci abinci ba. Na ce shi ke nan, za a bi sawu a zo kaina, a ga sunan ubanmu ɗaya, a yaga takardunka. Shekara goma sha ɗaya da ka yi, da jana'izar da ba ka zo ba, duk su tashi a banza ta dalilina. Sai na ɗauki kwando na shiga gari karɓo abin da na bayar. Ka san abin kunyar da ke cikin mutum ya ba da kyauta ya dawo karɓa. Wasu sun miƙo nan take. Wata ta ce, "Lesieli, me muka yi miki?" Na samu goma sha ɗaya.

Gidan Iya Fololina na bari ƙarshe. Ita kaɗai ta rage a cikin taran, ta haura tamanin, ido ya tafi amma baki yana nan. Na same ta a tabarma tana ɓare gyaɗa. Na yi mata bayani tun daga farko.

Ta ce, "Wace doka?"

Na ce, "Ta Ostareliya, Iya."

Ta ce, "Ostareliya ce ta rera?"

Na ce, "Ba haka ba ne. Kamfanin da ya ɗauka shi ke da iko."

Ta ce, "Wannan dogon Baturen mai jan wuya? Wanda ya sa muka maimaita waƙa sau shida saboda zakara yana cara? Katon ɗin naman gwangwani ya ba mu da yadi guda, muka dangwala hannu a takarda. Naman ya ƙare a sati. Yanzu shi ke da maƙogwarona?"

Na ce, "Iya, takardun Lopeti nake ji."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Yaron nan mai kunnuwa? Ki gaya masa in alƙalinsa yana son kaset ɗina ya hau jirgi ya zo, zan rera masa da bakina, in ga ko zai ƙwace wannan ma." Ta tura kaset ɗin ƙarƙashin cinyarta ta ci gaba da ɓare gyaɗa. Na fito ina dariya ina hawaye, mutane suna kallona a hanya.

Saura abu ɗaya, shi ya fi nauyi. Fushin da na yi a wasiƙata ta farko gaskiya ne, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma ba shi kaɗai ya hana ni aikowa ba. Kaset ɗinka ya lalace. Tun watan Janairu rediyo ya tauna zaren, na ja da ƙarfi ya tsinke. Na yi ƙoƙarin liƙawa da jan farce na ƙara ɓata shi. Kwana uku na yi ban buɗe taga ba. Da wasiƙarka ta zo tana cewa nawa ne, ya fi min sauƙi in yi faɗa da in ce na karya.

Matar fasto za ta tafi Melbourne wurin 'yarta da ta haihu. Na ba ta shi a naɗe cikin ɗankwalin Inna, za ta sa maka a gidan waya daga can. Ban sa ko ɗaya daga cikin kwafin ba, kada in jawo maka. Ga abinka nan yadda na mayar da shi. In akwai hukuncin da za a yi, ka ce musu ni ce, kai ba ka sani ba.

Yayarka,
Lesieli

Robinvale, 14 ga Oktoba, 2007

Yaya Lesieli,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kin koma cin abinci. Ni lafiya lau. Sanyi ya wuce, inabi ya fara fitar da ganye.

Saƙo ya iso. Kafin komai: wallahi ban sani ba. Ko a mafarki ban kawo ke a layin nan ba, wani baƙo nake zargi can a wata ƙasa. Na kai wasiƙarki wurin lauyata na fassara mata. Ta ce ita ba ta san dokar Tonga ba, amma ba ta taɓa jin an bi wata mata har tsibiri saboda kaset ashirin na addu'ar uwarta ba, kuma wannan ba zai taɓa takarduna ba. Ta ce ni ma na tsorata fiye da kima. Don Allah ki ɗauki kwandon nan ki mayar wa kowa nasa. Ki ce laifin Lopeti ne da bai iya rubutu ba. Ki ce wa Iya Fololina kunnuwan suna nan, sun ma ƙara girma.

Misis Brenan ta san wani tsoho a Mildura mai gyaran rediyo. Ranar Asabar na hau bas na kai masa. Ya buɗe kaset ɗin da ɗan sukurdireba, ya ga jan farce, ya dube ni ta saman tabarau. Na ce yayata ce. Ya ce shi ma yana da yaya. Ya yanke inda ya lalace ya haɗa. Rabin waƙa ta huɗu ya tafi, sauran duk suna nan. Na sayi 'yar na'ura tawa, ya nuna min yadda ake yi, na kwafe da hannuna a ɗakina. Na kuma rubuta wa kamfanin nan a adireshin da ke bayan kwalin, don in ji ko suna sayar da sabo. Wasiƙar ta dawo, wai babu mai wannan suna a wurin.

Zaman da za a yi kan takarduna an ɗaga shi zuwa Maris.

Yanzu ga abin da ban iya gaya wa kowa a nan ba. Na saurara daga farko har ƙarshe ya fi sau talatin. Na san waƙoƙin, na san cocin, har ƙarar bencin nan na gaba ina ji. Amma Yaya, ban san wacce ce Inna ba. Su tara ne, muryoyin a haɗe. Yau in ce wannan mai zaƙin ce, gobe in ce a'a, waccan ce. Na rufe ido in tuna yadda take kirana daga bakin teku, sai in ga fuskar, in ga hannun, sautin ya ƙi zuwa. Duk wahalar nan da na ba ki, ga shi abin yana hannuna ta hanyar da babu mai cewa komai, kuma na kasa gane uwata a ciki.

Ki gaya min ranar da wani zai taho gida, in ba shi kaset ɗin ya kawo miki.

Ƙanenki,
Lopeti

Foa, 25 ga Nuwamba, 2007

Lopeti ƙanena,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, ruwa ya sauka, na shuka rogo a bayan kicin. Gwiwa ta ɗan saki tunda zafi ya shigo.

Na mayar wa kowa nasa. Ya ɗauke ni kwana uku, don kowane gida sai an zaunar da ni an ba ni shayi an yi min tsiya. Iya Fololina ta ce a gaya maka ta fasa rera wa alƙali, kai take jira, kuma ka yi sauri don ba ta yi alkawarin daɗewa ba. Kaset ɗin kuwa ka riƙe. Ina da ɗaya daga na Pangai, kuma nawa waƙa ta huɗu cikakkiya ce.

Na daɗe a kan ƙarshen wasiƙarka. Kada ka hukunta kanka. Kana nemanta ne a inda ba ta. Mai zaƙin nan da ke sama Iya Fololina ce, mai bi mata kuma Uinise. Inna ba ta taɓa ɗaga murya a waƙa ba, a ƙasa take, can inda ba a lura. Muryar da take kiranka da ita daga bakin teku ta faɗa ce, ba za ka same ta a coci ba.

Kuma in gaya maka gaskiya, ni ma da nake gida ɗaya da ita ban sani ba sai da ta kwanta. Ita ta nuna min da kanta.

Ka juya gefe na biyu, waƙa ta uku. A ƙarshen kowane baiti duk suna yankewa tare su ja numfashi. Ka kasa kunne a daidai wurin. Akwai murya ɗaya mai kauri da ke wuce sauran kaɗan, kamar wadda ba ta ji an ce a tsaya ba. In an zo nan sai Inna ta ɗaga yatsa daga kan gado ta ce, "Ga ni nan, kullum ni ce a baya." Wai Baturen ya so a sake ɗauka saboda ita, matan suka ce sun gaji, girki yana jiransu.

Baiti biyar ne, sau biyar za ka ji ta. A na ƙarshe ta fi daɗewa. Ka rufe ƙofa, ka rage ƙarar, don in ka ƙure ba ta fitowa.

In ka same ta ka rubuto min.

Yayarka,
Lesieli